Dawar da Na Tuƙa wa 'Yar Shugaban Ƙasa

A ɗakin girkin Innarmu, can ƙauyenmu kusa da Gozaki, akwai ɗan dammin dawa da ke rataye saman murhu tun ina yarinya. Kowace kaka ana sauke tsohon a rataye sabo, amma wurin bai taɓa sauyawa ba. Hayaƙi ne ke kore masa ƙwari, shi ya sa kullum yake baƙi ƙirin da kunkunniya. Iri ne, kuma a gidanmu ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa iri.

Dawar ba kaura ba ce, ba farafara ba ce. Mu dai dawar Kaka muke ce mata, don daga hannun kakar Inna ta fito. Ƙwayarta ruwan ƙwai ce da ɗan ja a gindi, zangarniyarta kan sunkuya tun kafin ta nuna. Ba ta cika rumbu kamar masara, shi ya sa mazan gidan suka daina kula ta, amma ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ba ya iya mata komai. Tuwonta kuwa sai wanda ya ci. Ya kwana bai saki ruwa ba, ɗumamensa ya fi na jiya daɗi. A dangin Inna mata ke riƙe da ita. Ranar da za a kai yarinya ɗakin miji, uwa kan sa mata zangarniya a sabuwar ƙwarya, ta je ta shuka a gayaunarta, wato ɗan filin da ake yanka wa mace a gefen gonar gida.

Ni ma an sa mini. Na gama makarantar horon malamai, zan auri ma'aikacin injin gurzar auduga a Funtua, ƙawayena sun zo da kwanukan tangaran da bargo da agogon bango, sai ga Inna ta shigo da ƙwarya da zangarniya masu warin hayaƙi. Kunya ta kama ni. Na karɓa hannu bibbiyu, da ta fita na tura ƙwaryar ƙarƙashin gado da ƙafa, mota ta ɗauke ni ban waiwaye ta ba. Inna ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma na ɗauka ta wuce.

Shekara goma sha bakwai bayan haka, a bazara, bayan Ista da mako biyu, saƙo ya zo daga ƙaramar hukuma cewa 'yar tsohon shugaban ƙasa za ta ziyarci mata manoma na ƙauyenmu.

Abin da muka sani game da ita a lokacin bai taka kara ya karya ba. An ce a gidan gwamnati ta girma, direba ke kai ta makaranta da ɗan sanda a gaban mota. An ce noma ta karanta, wasu suka ce a Zariya, wasu suka ce har waje ta je. Da mahaifinta ya sauka, 'yan'uwanta suka kama kasuwanci da siyasa, ita ta kafa wata ƙungiya tana yawo ƙauyuka wajen mata. Me take yi musu? Nan labari ya rabu. Mai kai mu kasuwa a babur ya rantse taki take rabawa. Matar Fasto ta ji an ce injin niƙa ne. Wata maƙwabciyarmu Musulma, wadda 'yarta ke aure wajen Malumfashi, ta ce ita dai an gaya mata matar tambaya kawai take yi tana rubutawa, amma ba wanda ya saurare ta, don ba a ga yadda mutum zai taso tun daga Abuja ya zo yin tambaya ba.

Aka kafa kwamitin tarba, matan coci da matan unguwar masallaci tare, aka aiko mini Funtua wai ni ce sakatariya tunda ni ke koyarwa. Ina son irin wannan aiki, ba zan ɓoye ba. Ina son a ce ni na tsara abu ya tsaru. Inna kuwa a lokacin tana gidana a Funtua, an yi mata aikin yanar ido a ido ɗaya, likita ya hana ta hayaƙi da sunkuyo. Na bar ta da maigidana na tafi ƙauye kwana uku kafin ranar.

A zaman farko aka taso da maganar abinci. Kowa shinkafa, shinkafa. Aka ce ƙauyen da ta je a makon da ya wuce shinkafa suka yi mata da naman rago da lemon kwalba. Raina ya ɓaci. Na ce matar da ta tashi a gidan gwamnati ce za mu burge da shinkafa? Wadda karen gidansu ma ya gaji da ita? Na ce babban baƙo abin da ba zai samu a kasuwa ba ake ba shi, haka iyayenmu suka yi, ko kaza ɗaya gare su ita suke yankawa. Matar mai unguwa ta ce to me muke da shi da babu a Abuja? Na ce tuwon dawar Kaka. Mata suka yi shewa, don duk ƙauyen babu wadda ba ta taɓa lasar tuwon Inna ba.

Da na dawo gida na leƙa rumbun Inna, sai na tarar wayam. Matar yayana, wadda ke riƙe da gidan, ta ce ai a damina biyun da suka wuce idon Inna bai bar ta ta yi noman kirki ba, kunyoyi huɗu kawai take shukawa a bakin gayauna tana lalube. Abin da aka samu an cinye tun Kirsimeti. Abin da ya rage a duniya shi ne na saman murhu.

Na ɗaga kai na dubi dammin. Zangarniya ce wajen talatin, za ta ba da tiya guda ko fiye, ta isa tuwon babban teburi. Matar yayana ta ga inda idona yake, ta ce mini a hankali, iri ne fa. Na ce na sani, ba jiya aka haife ni a gidan ba. Na ce Gwaggo, ƙanwar Inna da ke aure a Bakori, tana da irin nan cike da tukunya, in an gama taro ni da kaina zan hau mota in karɓo, kafin ruwa ya sauka an mayar. Ta ce ko za a kira Inna a waya a tambaye ta. Na ce mace na kwance da ido a ɗaure za a tayar mata da hankali kan dawa? Ta ce to a kira Gwaggon. Nan na hau ta da faɗa, na ce in ba za ta taya ni ba ta ba ni wuri, gidan ubana ne. Ta ɗauko mini kujera in taka.

Gaskiyar magana, ban kira Inna ba don na san abin da za ta ce. Gwaggo kuwa rabon da in taka gidanta an fi shekara biyar, tukunyar da nake faɗi tun ina budurwa na gan ta. Na riga na yi wa mata alkawari a gaban jama'a, kuma na fi ƙaunar komai da in koma in ce ban iya ba.

Muka sussuke ta a turmi, muka sheƙe, muka surfa, muka wanke har ruwa huɗu saboda hayaƙi. Ban yarda an kai inji ba kada ta gauraya da masarar wani, a dutse aka niƙa. Ranar taro tun da hantsi na ɗora tukunya, na yi talge, na tuƙa da hannuna. Miyar busasshiyar kuɓewa aka yi da zabi biyu. Ƙamshin da ya tashi ya sa tsofaffin da ke wucewa suna leƙowa suna tambaya ko Inna ta dawo.

An share ƙauye tas, an shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, an kafa rumfa a filin makaranta. Matan zumuntar coci sun yi ankon zane suna kaɗa tulu, matan unguwar masallaci sun jera kayan gona a faifai. Bayan azahar motoci huɗu suka shigo. Mun sa ran ganin gwal da leshi, sai ga mace siririya mai tabarau, da atamfa da mayafi da takalmin shiga gona, ta kai shekara arba'in da wani abu. Ta durƙusa ta gaida tsofaffi. Hausarta ta birni ce, tana yi tana cakuɗa Turanci, in ta lura sai ta koma ta gyara. Hajiya muka riƙa ce mata.

Na karanta jawabin maraba da na kwashe kwana biyu ina rubutawa, na roƙi taki da injin niƙa da rijiyar burtsatse. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce taki da inji ba ta da su, ba za ta yi mana ƙarya ba, amma za ta miƙa takardar inda ta dace. Fuskokin mata suka sauya. Kafin ta faɗi abin da ya kawo ta, jami'in ƙaramar hukuma ya ce lokaci ya tafi, a fara cin abinci.

A ajin 'yan aji shida aka shirya teburi. Ni na zuba mata. Ta wanke hannu, ta gutsura, ta kai baki, sai ta tsaya. Ta sake gutsura ba miya, ta tauna a hankali, ta murza ɗan kaɗan a yatsa tana dubawa. Ta tambayi wace dawa ce wannan. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na zayyana mata komai: kakar Inna, ƙwaryar amarya, zangarniya mai sunkuyo, yadda ƙuduji ke cinye gonar maƙwabci ya bar gayaunar Inna tsaye. Da na ambaci ƙuduji ta ajiye lomar da ke hannunta, ta sa aka miƙo mata littafi.

A nan muka ji aikinta daga bakinta. Ta ce shekara da shekaru tana bin ƙauyuka tana neman tsofaffin iri da mata ke ɓoyewa a tukwane da saman murhu, dawa da gero da wake da ridi, waɗanda masara da sabon iri suka kora. Suna da ɗaki mai sanyi da ake adana su, da gonar da ake ninka su a mayar wa masu su. Ta ce a gidan da ta tashi komai a buhu yake zuwa, ba ta taɓa sanin abinci na da uwa da kaka ba, sai da wata tsohuwa mai yi musu girki ta yi kuka a gabanta saboda geron garinsu ya ɓace. Ta ce a ƙauyuka uku tsakanin Bakori da Malumfashi an ba ta labarin wata dawa mai sunkuyo da ƙuduji ba ya kamawa, kowa ya ce da akwai, yanzu babu.

Ta dube ni ta ce, "Malama, ko zangarniya biyu ne ki taimaka mini da su."

Na waiwaya wajen ƙofa. Matar yayana na tsaye bakin ƙofa da butar wanke hannu, ba ta ɗago kai ba. Na ce a ba ni minti ɗaya, na fita bayan aji na kira Gwaggo. Bayan gaisuwa na tambaye ta dawar Kaka. Ta yi dariya ta ce wace dawar Kaka, ita da ta bari shekara uku ke nan, 'ya'yanta sun mayar da gayaunar waken suya. Ta ce ai dama tana cewa in ta samu sukuni za ta zo wajen Yaya, wato Inna, ta karɓi iri.

Na daɗe a tsaye jikin bangon nan. Na yi tunanin in ce mata sai an tambayi mai shi, ta tafi, maganar ta bi ruwa. Amma mata goma sun san na sauke dammin. Na koma ciki na tsaya a gabanta kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa.

Na ce, "Hajiya, irin ne kika ci. Shi ke nan wanda ya rage."

Jami'in ya fara cewa ai ba komai, za a bincika. Ita ba ta ko dube shi ba. Ta dubi kwanon da ke gabanta, ta dube ni, ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Tambaya ɗaya ta yi: a ina aka sussuka, kuma ina ƙaiƙayin?

Matar yayana ce ta amsa. Ta ce ta tattara ƙaiƙayin da kawunan da aka sussuke a buhu, ta rataye inda kaji ba za su kai ba. Ban sa ta ba, ban ma san ta yi ba.

Haka aka watsar da sauran shirin. Waƙar da zumunta ta yi mako tana koyo ba a rera ba, kyautar zabi da aka tanada tana ɗaure a gindin rumfa. 'Yar shugaban ƙasa ta bi mu har gida, ta tuɓe takalmi ta zauna a tabarma gindin turmi, aka zazzage buhun a faifai biyar. Ita da matar yayana da matar mai unguwa da wasu tsofaffi biyu da ni, muka shiga tsince ƙwaya ɗaya ɗaya. Ba ta iya sheƙa ba, ƙaiƙayi ya cika mata mayafi, wuyanta ya yi ja da susa. Tsofaffin suka yi ta yi mata tsiya wai hannun biro ne, tana dariya. Amma idonta ya fi namu. Tana ɗaga ƙwaya ta ce wannan taɓarya ta fasa ta, wannan tana da rai. Manyan mutane na cikin mota suna aiko a gaya mata rana ta yi, tana cewa a ce musu tana zuwa. Sai bayan la'asar muka gama. Abin da ya fito mai kyau bai cika tafin hannuna ba.

Ta raba shi biyu a kan takarda. Ta ce ƙa'idar aikinsu ce, ba sa kwashe iri duka daga gida, kuma ba sa ɗaukar ko ƙwaya sai da yardar mai shi. Na ce na yarda. Ta ce ai na gaya mata na Inna ne, ina Innar take? Na ce tana Funtua. Ta ce hanyarta ce.

Ban taɓa jin tafiya ta yi mini tsawo kamar wannan ba, ga shi a mota mai sanyi nake. Na so a ce ni kaɗai zan gaya wa Inna, a hankali, bayan idonta ya warke. Ga shi zan faɗa a gaban baƙuwa, da motoci huɗu a ƙofar gidan haya mai ɗaki biyu, 'yan unguwa da masu keke napep sun yi cirko-cirko suna kallo.

Inna na zaune a tabarma a tsakar gida, ido ɗaya a rufe da auduga. Hajiya ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata ya jiki. Ni na yi bayani. Ban rage komai ba, har faɗan da na yi wa matar yayana na faɗa. Inna ta saurara tana murza bakin zanenta. Da na gama ba ni ta yi wa magana ba, baƙuwar ta juya wa.

Ta ce, "'Yata, kin dai ƙoshi?"

Hajiya ta ce ta ƙoshi, ba ta taɓa cin tuwo irinsa ba. Inna ta gyaɗa kai ta ce to madalla, baƙo ya ci. Ta miƙa hannu aka zuba mata ƙwayoyin, ta shafa su da babban yatsa, ta ce a ɗauki rabin. Hajiya ta fito da 'yar ambulan da biro ta ce za ta rubuta sunan dawar da garin da sunan mai ita. Daidai nan Inna ta ce mini baƙi na zaune ko ruwa ban kawo ba. Na tashi na shiga ɗaki. Kafin in fito da kofuna an rufe ambulan.

Bayan sun tafi na zauna ina jiran faɗa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Tambaya kawai ta yi ko na tuna da maganin idonta na yamma. Kwana goma ta ƙara a gidana, ba ta ta da maganar ba ko sau ɗaya.

Rabin da ya rage muka shuka a gayauna da ruwan farko mai ƙarfi, ni da matar yayana, Inna na tsaye tana gaya mana zurfin rami. Rabona da fartanya tun ina sakandare. Goma sha ɗaya suka tsiro. Sai ruwa ya ɗauke kusan mako uku. Matar yayana ta yi ta ɗebo ruwa a rijiya tana zuba musu, huɗu suka rayu. A watan takwas shanun wani suka ɓalle da rana tsaka kowa na coci, suka bi ta gayaunar, suka cinye huɗun nan. Da aka kira ni washegari aka gaya mini, a ofishin hedimasta nake, na zauna na yi kuka a gaban mutane.

A kakar nan, karo na farko tun da aka gina ɗakin girkin, babu komai a saman murhu. Igiyar dai na nan Inna ta hana a cire. Idonta na biyu da aka yi wa aiki daga baya bai yi kyau ba, ta daina zuwa gona gaba ɗaya. In na je ƙauye na shiga ɗakin ba na ɗaga kai.

Daga wajen Hajiya ba mu ji komai ba. Nakan ji ta a rediyo jefi-jefi tana maganar iri, wata rana a Jigawa, wata rana a Neja. Matan ƙauyenmu suka ce ai dama, manya in sun ci sun tafi ke nan, ga taki ba a gani ba, ga dawa ta tafi. Ni ban sa baki ba, don na san wadda ta sauke dammin.

Shekara biyu cif, ana gab da shuka, wata ma'aikaciyarta ta zo makarantarmu a motar haya tana nemana. Ta ba ni ƙunshi a jakar takarda mai kauri, ya kai rabin tiya, da 'yar wasiƙa da hannun Hajiya. Ta rubuta cewa ƙwaya tara ce ta tsiro a wajensu a shekarar farko, suka rufe kowace zangarniya da jaka don kada ta haɗu da wata dawa, a shekara ta biyu suka ninka. Sun ajiye kaso a ɗakin sanyi, suna gwada wani a gonar da ƙuduji ya addaba, wannan kuma na mai shi ne. A ƙarshe ta ce a gaida Inna, kuma har yanzu ba ta iya sheƙa ba.

A jikin jakar an rubuta dawar Kaka, an rubuta sunan ƙauyenmu. A wajen sunan mai iri, sunana ne.

Na ce wa ma'aikaciyar an yi kuskure, na mahaifiyata ne. Ta buɗe littafinta ta ce haka aka rubuta tun ranar farko, kuma daga bakin tsohuwar aka ɗauka.

Ranar Asabar na hau mota zuwa ƙauye. Na tarar da Inna a inuwar ɗakin girki. Na sa mata jakar a cinya, ta zura hannu, ta ɗebo, ta shinshina, ta sa ƙwaya ɗaya a haƙori ta fasa. Ta ce ita ce. Sannan na ce mata sun yi kuskuren suna, sun sa nawa.

Ta ce, "Ba kuskure ba ne. Tawa ta ƙare tun da ido ya fara ba ni wahala, ban iya noma biyu. Kunyoyi huɗun nan na bakin gayauna, na ƙwaryar da kika bari ƙarƙashin gado ne. Kowace shekara nake shuka miki daban in rataye, ko za ki zo ki ɗauka."

Ta ɗaure bakin jakar ta miƙo mini. Na ce ta bari a rataye a nan inda aka saba. Ta ce a'a, ta gaji da riƙon kayan mutane.

Yanzu damina uku ke nan ina noma ta. Na samu ɗan fili a bayan gari kan hanyar Bakori, ina zuwa bayan an tashi daga makaranta, abokan aikina na yi mini dariya wai Malama ta koma ƙauye. Kakar farko na kai wa matar yayana zangarniya goma a sabuwar ƙwarya, na durƙusa na ba ta haƙurin da ya kamata in ba ta tun tuni. Na kai wa Gwaggo biyar. Matsalar da ban hango ba ita ce a gidana da gas nake girki, babu hayaƙin da zai tsare iri. Sai na sa aka yi mini 'yar rumfa a bayan gida, na kafa duwatsu uku, na ɗaura igiya a sama. Duk ranar Asabar nakan hura itace in dafa ko ruwan zafi ne. Maigidana ya ce duk kayansa warin hayaƙi suke yi, na ce ya saba.